Sunan Gwaggo a Saman Takarda

Matameye, 8 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Marwan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen shagonku na Kano. Inna tana gaishe ka. Inusa direba zai kawo maka wannan, don wayar Inna ba ta ɗaukar hoto, abin kuma sai ka gani da idonka.

Yaya, na shiga ajin ordinata, wato kwamfuta, na ranar Laraba da yamma a lise, sakandarenmu. Mu goma sha tara ne, inji biyar. Malaminmu Mushe Munkaila ya ce kowa ya rubuta ƙaramin program da zai amfani gidansu. Ni na zaɓi lambun mata. Ka san tun da aka kafa famfo mai aiki da rana ake rigima kan wa zai riƙe tiyon ban ruwa, ga shi Inna aka ba shugabancin matan. Su goma sha huɗu ne, biyu a yini, hantsi da la'asar, mako ya zagayo daidai. Sashen ranakun Mushe ya rubuta mini, ni aikina in sa sunayen su fito ɗaya bayan ɗaya. Na sa Gwaggo Sa'a a farko, tunda ita ce babba, kuma ita da marigayi mijinta suka haƙa rijiyar farko a wurin.

Ga abin da na rubuta. Mushe yana kiransa bukul, wato abin da ke zagayawa:

i = 0
while i < 14:
    print(mata[i])

Da na danna, sai sunan Gwaggo ya fito. Ya sake fitowa. Ya cika allon, yana gudu, Sa'a, Sa'a, Sa'a, ba ya tsayawa. Jamila da muke zama tare ta ce, "Ke, ko a inji ma Gwaggonku ba ta barin kowa ya yi magana?" Kowa ya juyo. Ban san lokacin da na zare waya daga bango ba, ashe har da injin maƙwabtanmu a jikinta.

Na kasa tambayar Mushe. Na ɗaga hannu sau biyu, da ya dubo sai na gyara ɗankwali. Na karanta layukan nan uku ya fi sau talatin, ban ga laifinsu ba. Na ce masa goma sha huɗu, me ya sa bai ji ba?

Ka taimake ni. Allah ya ƙara buɗi.

Ƙanwarka,
Najaha

Kano, 12 ga Janairu

Malama Shiru,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai zafin aiki. Na yi dariya har maigidana ya leƙo. Gaskiyar Jamila, ko kwamfuta ta san Gwaggo.

Abin nan mu lup muke ce masa a nan, kuma kowa ya taɓa faɗawa ramin da kika faɗa. Kin ce ya tsaya in i ta kai goma sha huɗu, amma ba ki ce i ta matsa ba. Tana nan zaune a sifiri kamar jakin Baba Haruna in ya ga gangare. Ki ƙara wannan a cikin lup ɗin: i = i + 1. Shi ke nan.

Kuma ki daina zare waya, za ki ƙona musu kaya. Ki tambayi malaminki, ba ya cizo.

Ki gaida Inna. Ki ce yajin da ta aiko ya ƙare, abokai sun gama da shi.

Yayanki,
Marwan

Matameye, 16 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Marwan,

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ya yi!

Na sa layin da ka ba ni nan da nan a ƙarƙashin while, don kada in manta. Sunan Gwaggo ya daina cika allo, sauran mata suka fito reras. Sai dai a can ƙasa wani jan rubutu ya fito da Turancin Ingilishi, ni kuwa ka san Ingilishina. Sai na tuna Mushe ya ce inji daga sifiri yake fara ƙirga, wai daga sifiri zuwa goma sha uku goma sha huɗu ne. Ban gane sosai ba, amma na mai da 14 ta zama 13, jan rubutun ya ɓace. Mushe yana cewa a yi sauri kafin a ɗauke wuta, na buga a takarda, na ninke, na kawo wa Inna.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai: la'asar ɗin Juma'a ta fito babu sunan kowa. Inna ta ce ba laifi, famfo ma ya huta. Gobe Anti Fadima sakatariya za ta karanta wa mata, ta manna a jikin tankin ruwa. Inna tana ta gaya wa mutane 'yarta ce ta yi da inji, ni kuwa kunya kamar in nitse.

Yaji yana hannun Inusa. A huta lafiya.

Najaha

Matameye, 23 ga Janairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri ban jira amsarka ba. An shiga uku.

Babu sunan Gwaggo a takardar. Ko sau ɗaya. Ni a ranar, ƙasan allon kawai na duba, wajen jan rubutun, ban dubi sama ba. Anti Fadima ta karanta a gaban kowa, ta fara da Hajiya Fati a hantsin Asabar. An ce Gwaggo tana zaune a kan bokitinta har aka gama. Ka san ta, ba za ta buɗe baki ta ce ina nawa ba. Matan kuma babu mai ƙarfin halin tambayarta, kowa ya ɗauka ita ta ce a cire ta. Anti Fadima ma haka ta zata. Inna ba ta wurin, ta je barkar haihuwa garin Dungu, takardar kuma ka san ba ta karatun boko.

Kwana huɗu Gwaggo tana zuwa da sassafe tana jan guga a tsohuwar rijiya, da wannan bayan nata, tana shayar da kabejinta komi biyar. Jiya ta kasa tashi. Da Inna ta je dubiya, Gwaggo ta juya fuska bango ta ce, "An ba ki shugabanci, ban ce komai ba. Ashe sai kin sa yarinya ta goge ni." Inna ta rantse, ta ce ga la'asar ɗin Juma'a babu kowa, ta ɗauka. Gwaggo ta ce ita ba a ɗaura ta a wutsiya. Inna ta dawo tana kuka, ta tambaye ni, "Ke kika cire ta?" Na ce a'a. Ta ce to wa?

Na roƙi mai gadi ya buɗe mini ajin. Yaya, sunanta yana nan a cikin injin, shi ne na farko, na taɓa shi da yatsana. In na danna ba ya fitowa. Da farko ya ƙi fitar da kowa sai ita, yanzu ya fitar da kowa ban da ita. Na mai da 14, jan rubutu ya dawo, ita ba ta dawo ba. Har na fara tunanin ko wani ya taɓa mini, ko zare wayar nan ce ta lalata wani abu. Kabejin ya fara langaɓewa. Ni da Inna mun je za mu shayar, ta aiko a ce kada mu taɓa mata.

Me zan yi?

Najaha

Kano, 26 ga Janairu

Najaha,

Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Ban yi dariya ba wannan karon.

Ba ki kwafo mini yadda layukan suke yanzu ba, amma ina zargin inda matsalar take, kuma da laifina, na ce ki ƙara layi ban ce a ina ba. Ba zan faɗa miki ba, don in kin je gaban Gwaggo ba ni zan yi bayani ba.

Ki bar injin. Ki ɗauki takarda ki ja layi a tsakiya, gefe ɗaya i, gefe ɗaya sunan da ya fito. Ke ce kwamfutar. Ki ɗora yatsa a layin farko ki bi su ɗaya ɗaya, ki yi abin da aka rubuta, ba abin da kike nufi ba. Kada ki tsallake ko da kin ga kin sani. Jan rubutu kuma ba zagi ba ne, gaskiya yake gaya miki, kika toshe masa baki.

Ita kuwa Gwaggo, in abin ya yi tsanani ki ce inji ne ya yi kuskure. Tsofaffi sun yarda inji yana hauka.

Ki ba Inna haƙuri, zan kira ta Juma'a.

Marwan

Matameye, 29 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Marwan,

Assalamu alaikum. Na yi yadda ka ce, a bayan kaye, littafin lissafina, lokacin hutun ƙarfe goma.

Na rubuta sifiri. Na sauko layi na gaba, ya ce a ƙara ɗaya, na goge sifiri na sa ɗaya. Na sauko, ya ce a fitar da suna. Hannuna har ya fara rubuta Sa'a, sai na dubi gefen i na ga ɗaya ce, mai lamba ɗaya kuwa Hajiya Fati ce. Tun kafin ya kira kowa na sa shi ya yi taku ɗaya gaba, Gwaggo tana tsaye a sifiri ya wuce ta. Da ban girmama ta na sa ta farko ba, da wata ce ta faɗa.

Na mai da layinka ƙasan print, na mai da 14. Na kira Mushe da bakina, muka ƙirga tare daga sama. Goma sha huɗu, Gwaggo a hantsin Asabar, babu ja. Ya ce Laraba mai zuwa in nuna wa aji a tabulo, wato babban allo. Wannan ma wata damuwar ce.

Yanzu saura zuwa wurinta. Inna ma ta ce in ce inji ne, Anti Fadima ta ce haka. Amma Yaya, injin abin da na rubuta ya yi. Kuma in na ce ni ce, ina tsoron ta ce ai dama Inna ce ta sa ni. In na yi mata bayanin sifiri kuma ta ce wato ita ce ba komai ba? Na rasa wanda ya fi. Komi biyu sun riga sun bushe. Gobe bayan la'asar zan je.

Ka sa ni a addu'a.

Najaha

Matameye, 1 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Na je. Na durƙusa na fara bayanin layuka, ta ɗaga hannu ta ce, "Ni ban san wannan ba. Injin ne ko ke?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo. Inna ko karanta takardar ba ta iya ba."

Sannan ta ce, "Gara ke. Inji ba ya zuwa ban haƙuri. Miƙo mini sandata."

Yau Asabar ta zauna a kan bokitinta, ni na riƙe tiyo, tana ta faɗa wai ina kwarara ruwa kamar mai wankin mota. Komi uku za su rayu. Da Inna ta gaishe ta, ta amsa, a gajarce dai, amma ta amsa.

A gaida mutanen shago. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Najaha