Sallama a Ƙofar Ɗakin Baba

Aboabo, Tamale

Zuwa ga Malam Dramani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, ya kuma zaman Akra?

Ni ce Zuhuratu, yayar Basit, wanda ka koya wa Japananci a ajinka na Nyohini kafin ya tafi. Ni ce mai man kaɗanyar nan da take leƙo tagar ajin tana muku dariya, kuna ta sunkuya wa juna kamar kaji a kan tsaba. To, yau dariya ta ƙare. Takarda na rubuto don zancen ba na waya ba ne, a gidanmu bango ma kunne gare shi.

Basit ya dawo daga Japan kafin azumi. Bai zagi kowa ba, bai daki kowa ba, ladabinsa ne ma ya yi yawa har yake ba mu tsoro. Kullum yana kulle a ɗaki, abinci sai dai a ajiye masa a ƙofa. Da hantsi, idan gida ya yi shiru, sai ya fito ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba. Ka san Baba ya rasu Basit yana can Japan, bai samu halartar jana'iza ba. Zai cire takalmansa, ya juya su suna kallon waje, ya haɗa hannu, ya sunkuya, ya ce wani abu kamar "ojama shimasu". Sai ya ɗan saurara. Sannan ya shiga ya share ɗakin da ko tsinke babu a cikinsa.

Kawunmu Issahaku ya ce sunan aljanar da ya kwaso yake kira. Har ya yi magana da wani mai magani a wani ƙauye bayan Savelugu, inda ake ɗaure mutane da sarƙa a gindin bishiya. Na taɓa zuwa wurin, kuma wallahi ko akuyata ba zan bari a can ba. Mma, mahaifiyarmu, ba ta iya musa wa yayanta, kuka kawai take yi.

Malam, kai ka sa masa yaren nan a baki. Don Allah ka gaya mini abin da yake faɗa, tun kafin Kawu ya nemo mota.

Na bar ka lafiya,
Zuhuratu

Akra

Zuwa ga Malama Zuhuratu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, kuma na yi juyayin halin da ɗalibina yake ciki. Allah ya ba shi lafiya, ya jiƙan mahaifinku.

Ki kwantar da hankalin Kawu, babu aljana a cikin wannan magana. Tana cikin darasin farko-farko da nake koyarwa. Ita ce abin da baƙo yake faɗa idan zai shiga gidan wani, wato sallamarsu ke nan. Asalin ma'anarta kuwa, "zan takura muku". Mutanen nan ba abin da suke gudu kamar su zama nauyi a kan wani, har gaisuwarsu ma neman afuwa ce. Juya takalmi shi ma ɗabi'ar baƙo ce mai tarbiyya. Basit ya fi kowa iya wannan a ajina, shi ya sa ban yi mamaki ba da makarantar harshe ta Osaka ta karɓe shi. Na ji ma ya samu aiki a wani kamfanin share-share bayan an tashi daga aji.

Mai gida yana amsawa da "dozo", kamar mu ce bismillah, shigo. A ganina yaron yana jin kansa baƙo ne a gidan ubansa, kuma ba wanda ya amsa masa. Sallama kuwa bashi ce. Ki gwada amsa masa ki gani.

Wassalam,
Dramani

Aboabo, Tamale

Malam Dramani,

Bayan gaisuwa. Na bi shawararka, kuma da ma ban bi ba.

Jiya ban je kasuwa ba. Na riga shi shiga ɗakin Baba, na laɓe a bayan ƙofa ina ta maimaita kalmar taka don kada ta gudu. Na ji tafiyarsa, na ji ya ajiye takalmi. Ya faɗi abin nasa. Ni kuwa na gyara murya na ce, "Dozo."

Malam, ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan ihu ba. Da baya ya faɗi, ya ture tukunyar Mma, yana jan jiki a ƙasa yana kallon ƙofar. Na fito da gudu ina cewa, "Ni ce, Basit, ni ce Yaya!" Bai gan ni ba. Cewa yake ta yi, "Ba sa amsawa. Ba su taɓa amsawa ba." Kafin ka ce kwabo rabin Aboabo sun cika tsakar gida. Kawu ya tsaya a kaina ya ce, "Kin gani da ido naki? Asabar mota na zuwa, ba wani magana kuma."

Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba, amma na fi jin haushin kaina. Su waye ba sa amsawa? Wace irin shara ce yaron nan ya yi a ƙasar mutane? In ka sani ka faɗa, in ba ka sani ba ka taya mu da addu'a.

Zuhuratu

Daga ɗaki

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki gafarce ni na firgita ki. Na turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa don bakina ba zai iya ba.

Na san a wurin Malam kika samo kalmar, kuma bai yi kuskure ba, haka littafi ya ce. Amma aikin da na samu, ɗakunan matattu muke sharewa. A can tsofaffi da yawa su kaɗai suke zaune. Mutum zai mutu, babu wanda zai sani sai wari ya fito ta ƙarƙashin ƙofa. Idan an ɗauke gawa, sai a kira mu mu kwashe abin da ya rage. Shugabanmu ya ce kada wanda ya shiga bai yi sallamar nan ba, don mai ɗaki bai san ya tafi ba tukuna.

Akwai wani tsoho da ya liƙe tagoginsa da takarda, ya wanke kwanonsa, ya ɗaure shararsa ya jera. Maƙwabciyarsa ta ce ta daɗe ba ta ji motsinsa ba, amma ta ji nauyin ta ƙwanƙwasa, kada ta takura masa. Ɗansa yana gari ɗaya da shi. Inda ya kwanta, siffar jikinsa ta zauna a tabarma, har da inda ya miƙa hannu wajen ƙofa. Na kankare ta, amma har yanzu ina ganinta. A ɗakin nake lokacin da kuka kira ni cewa Baba ya rasu.

Kowa ya ce mini ya cika cikin sauƙi, ba wanda ya ƙara komai. Na duba tabarmarsa, na duba ƙasa, ban ga alama ba. Yaya, ki gaya mini gaskiya. Wa yake wurinsa?

Ƙaninki,
Basit

Daga bayan ƙofarka

Basit,

Na amsa gaisuwarka. Ga gaskiya: babu kowa. Ina kasuwa, Mma ta tafi suna a unguwar Choggu. Shi kaɗai ya cika, kuma abin yana ci na kamar yadda yake cin ka.

Amma Mma Mulikatu ta gidan baya ta shigo aron turmi. Ta yi masa gaisuwar safiya, "Dasiba", ba ta ji ya amsa da "Naa" ba. Ta sake yi, shiru. Ba ta ji nauyin kowa ba, ta sa kafaɗa ta ɓalle sakatar. Jikinsa da ɗumi ta same shi, ita ta rufe masa ido.

Gobe Asabar. Na durƙusa wa Kawu har ya yarda cewa idan ya zo ya tarar da kai a tsakar gida kana ci tare da mutane, motar za ta koma ba kowa. Da safe zan yi maka sallama sau biyu. In ba ka amsa ba, na riga na gaya wa Mma Mulikatu ta zo.

Yayarka,
Zuhuratu