Layun Baba da Ruwan Akwatin Mota

Dogon Dutsi, watan Agusta, 1956

Zuwa ga Yayata Habsatu, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗiyanki. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya maido mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna bana, hatsi ya wuce ƙugu, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, na san Goggo Balki ta ba masu tafiya saƙo gare ki, wai A'i ta fitsare, ta kwanta cikin akwati kamar gawa a gaban maza. Gaskiya ne, na kwanta. In ta sake kamawa, zan sake. Amma ki ji ta bakina.

Kin san baƙar motar da Alhaji Maikano ya saya wurin Baturen nan da ya koma gida, wadda Baba ke tuƙa masa. Tun farkon damina akwatin bayanta, inda ake sa kaya, yake tara ruwa. Sukari ya narke, atamfa ta yi fumfuna. A tafiyar da ruwan ya fara shiga ne Baba ya ɗauko mini littattafan soyayya da Madam, matar malaminmu na lakwal, makarantar boko, ta aiko mini daga Doso. Shi ke nan, Goggo ta samu abin faɗi. Wai aljana Doguwa ce ba ta son takardun Nasara masu zancen banza, ita ke zuba ruwan, kuma ba ta dainawa sai an ƙone su. Baba ya karɓo laya ya ɗaura, ruwa ya ƙaru. Ya ƙaro wata, ruwan ya sake ƙaruwa. Daga ƙarshe ya ce in ruwa ya kuma shiga, littattafaina sai wuta.

Kin san ni, ko baƙo ya yi sallama ɗaka nake gudu. To, cikin littattafan nan akwai wata yarinya da aka kulle a ƙasan jirgin ruwa, ba ta yi kuka ba, ta zauna cikin duhu har ta gane ta inda iska ke shigowa. Na ce ashe daga waje kowa ke duba motar nan, ba wanda ya duba daga ciki.

Da hantsi, mota na ƙofar gida, Baba da abokansa na zaune, na roƙi Inna ta rufe ni cikin akwatin, ta riƙa kwara ruwa sannu sannu, daga ƙasa zuwa sama. Inna ta dube ni, ta dubi Goggo, ta ɗauki tulu. Wayyo Yaya, zafi da warin fetur! Ina jin Goggo tana salati, tana cewa a fiddo ni kafin iska ta taɓa ni. Ruwa ya bi kan fitilun baya, ba ko ɗigo. Ya bi gefe, babu. Da ya kai saman murfi sai ga ɗigo a kumatuna. Na lalubi wurin da yatsa, na ji igiyar fata.

Layun Baba ne. Ta farko tun ranar tafiya Doso ya ɗaura ta a murfin akwatin don tsarin hanya, sauran ma nan ya ɗaura su. Igiyoyinsu sun ratsa ta kan robar da ke toshe bakin akwatin, sun danne ta har ta tsage, ruwa kuwa igiya yake bi.

Na fito gumi sharkaf. Ban ambaci laya a gaban mutane ba, hannun Baba kawai na kama na ɗora a wurin. Ya shafa igiyar, ya shafa tsagar robar. Sannan ya kwance layun da bisimilla, ya rataye su ciki kusa da sitiyari. Muka yanko tsohuwar robar cikin taya muka liƙe tsagar da kwalta mai zafi, na sa tsinke na buɗe ɗan ramin ƙasan akwatin da laka ta toshe. Shekaranjiya aka sheƙa ruwa har kwari ya cika. Aka buɗe akwati, bushe ƙamas.

Goggo ta ce Doguwa ce ta huce. Ta faɗi abin da take so. Abin da nake roƙonki ɗaya ne: kada ki aiko a ba ta haƙuri a madadina, don ban yi laifi ba. Yanzu a tsakar gida nake karatuna, na bar ɓuya bayan rumbu. Littafi guda ne ruwan ya cinye wa shafukan ƙarshe, ban san ko saurayin ya dawo wurin yarinyar ba. Ni dai na yanke cewa ya dawo. Wanda ya ce ba haka ba, ya zo Inna ta rufe shi a akwati ya duba.

Ki gaida maigidanki Malam Isa, ki shafa mini kan Ajuma da Umaru. Baba da Inna suna gaishe ku, ƙanwarmu Fati ma tana gaisuwa. Goggo ba ta ba ni saƙo ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Ƙanwarki mai kewarki,
A'i