Zumar Baba Ta Daskare

Assalamu alaikum Gwaggo. Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma maganar ba ta faɗuwa a gidanmu.

Mahaifina mai kiwon zuma ne. Shekara arba'in yana ɗora amya a bishiya, hannuwansa duk tabon harbi, amma ban taɓa jin ya zagi ƙudan zuma ba, ma'aikatana yake ce musu. Yau shekara uku da rasuwarsa. Abin da ya bar min kwalba ɗaya ce, ta ɗiban ƙarshe, da hannunsa ya ɗaure bakinta da zare. Na ɓoye ta a kabad bayan farantai, ban buɗe ba sai bara da tari ya matsa wa Mama. Cokali ɗaya a ruwan ɗumi, maƙogwaronta ya lafa. Ni kuwa ƙanshin da ya bugo ni zaunar da ni ya yi a ƙasa ina kuka, don ƙanshin rigarsa ne sak. Mutum yana kabari, aikin hannunsa yana jinyar matarsa. Har yau abin bai daina ba ni mamaki ba.

To, makon jiya tarin ya dawo. Na ɗauko kwalbar, sai na tarar zumar ta daskare, ta yi fari-fari, tana da tsaki-tsaki a harshe. Yayana, wanda duk iliminsa a waya yake samowa, ya dangwala ya ce ai sukari ne ya fito, ashe Baba ma yana algus kamar kowa. A gaban Mama ya faɗa. Tun ranar ta ƙi karɓar cokalin, ga tarin yana nan.

Gwaggo, zumar ta lalace ne? Amfaninta ya ƙare tunda an buɗe? Ko kuwa gaskiyar Yaya ce? Wannan ta ƙarshen ita ke cin raina.

'Yar Mai Amya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki. Share hawayenki, daskarewa ba shaidar algus ba ce. Zuma ta gaskiya takan daskare, musamman wadda ba ta ga wuta ba. Zaƙin furanni ne ke dunƙulewa. Daskarewar kaɗai ba ta tabbatar da tsarkin zuma, amma shekara arba'in mutane na dawowa saye a hannun mutum ɗaya shaida ce babba. Yayanki ya yi saurin baki, sai dai algus ya cika kasuwa, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya gudu.

Dubi ikon Allah. Ƙwaron da bai kai gaɓar yatsa ba yakan yi ta fifita ruwan fure da fukafukansa har ruwan ya ƙafe, ya zama abin da ƙwayoyin cuta ba sa iya zama a cikinsa. Shi ya sa buɗe kwalba ba ya kashe zuma, ruwa ne ke kashe ta. In kin ga kumfa ko kin ji warin tsami, ta tashi aiki. In babu, lafiyarta ƙalau.

Ki riƙa ɗiba da busasshen cokali, ki rufe kam, ki nisanta ta da rana da murhu. Ba ta buƙatar firiji. Takan yi shekaru ana sha, amma ƙarfin maganinta yana raguwa a hankali, zafi da haske ke gaggauta hakan. Kada a shafa ta a babban ciwo, kada kuma a ba jaririn da bai shekara ba. Tarin da ke tafiya yana dawowa kuwa, ki kai Mama asibiti a duba ƙirjinta, a faɗa musu in tana da ciwon suga.

Yanzu ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, a gaban Mama. In ta narke ta koma kamar ranar da mahaifinki ya tace ta, ki miƙa wa Yaya cokalin farko ya yi wa mahaifinsa addu'a, na biyu na Mama ne. Allah ya ba ta lafiya, ya yi miki albarka.