Ƙudajen Tsibiri da Tambayar Tumba

Mubi, daren Laraba, 14 ga Mayu, 1986

Yau na shiga aji da kwalbar ruɓaɓɓen mangwaro, ƙananan ƙudaje fal a ciki. Na gaya wa ɗalibai yadda ruwa ya raba irinsu a tsibirai, har mace ta daina kula rawar namijin wani tsibiri, suka zama iri biyu.

Sai Tumba, ɗan Michika, ya tashi. "Malam, mu na kan dutse da mutanen gari fa? Haka za mu ƙare?"

Na ga ba wasa yake ba.

Na ce, "Babana Bakatsine ne, innata 'yar Michika. Dube ni da kyau."

Ya yi murmushi ya zauna. Wannan amsar ba a littafi na samo ta ba. Inna ce ta ba ni, ranar da ta sauko daga dutse ta auri Baba.