Minti Biyar a Tsakar Gida

Sukovo, 21 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Dubravka,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Predrag da jikata Lenka. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da bai riƙe biro ba sai da ya shekara hamsin ba ya bin layi.

Dubravka, an saka tagogin da kuka aiko! Farare tas, gilashi biyu-biyu, da an murɗa hannun sun rufe ruf. Itace uku nake sa wa murhu, gidan ya ɗume har sai na cire suwaita. Maƙwabciyata Kosara ta zo ta shafa su ta ce, "Stamena, kin zama matar likita, yanzu sai da takarda za a gan ki." Na ce mata hassada ce.

Na gyara muku ɗakin baya don slava, bikin waliyyin gidanmu. Watan Lenka huɗu a duniya, a hoto kawai na san ta. Saura kwana ashirin da takwas in ɗauke ta!

Abu ɗaya ne ya dame ni. Tagogin kuka suke yi. Kullum da safe ruwa na bin gilashi har ƙasa, tawul biyu nake matsewa. Wani baƙin tabo ya fito a kusurwar da na ajiye gadon yarinyar. Masu aikin sun bar 'yan ramuka a saman kowace taga, na toshe su da auduga. Ina kuma barin tukunyar ruwa a kan murhu duk yini don iskar ɗakin ta yi wa Lenka laushi. Ko tagogin ne ba su da kyau?

Allah ya yi muku albarka.
Mamanki, Stamena

Novi Sad, 26 ga Nuwamba

Mama,

Muna gaishe ki, duk muna lafiya. Tagogin lafiyarsu ƙalau. Tsofaffin ne ke fitar da tururi ta tsagoginsu, waɗannan kuwa ba sa bari ya fita. Numfashinki, waken da kike dafawa, wankin da kike shanyawa a ɗaki, duk su ne ke komawa ruwa a jikin gilashi mai sanyi.

Ki cire audugar, don Allah. Ki sauke tukunyar nan, ki riƙa rufe abinci in kina girki, shanya kuma ta koma rumfa. Tabon fumfuna ce, ki goge ta da ruwan khal, ki janye gadon daga bango. Sannan safe da yamma ki buɗe tagar gaba da ta baya a lokaci guda, minti biyar. Na san promaja ke nan, iskar da ke ratsa gida, wadda tun ina ƙarama kike korata daga bakin ƙofa saboda ita. Amma ita ce maganin.

Direban bas zai ba ki wani ɗan abu kamar agogo, danshi yake aunawa. Mama, kin san Lenka bakwaini ce. Likita ya ce ƙirjinta ba zai ɗauki ɗaki mai fumfuna ba. In hannun agogon bai sauka ƙasa da sittin ba, ba za mu iya kawo ta ba bana.

'Yarki, Dubravka

Sukovo, 3 ga Disamba

'Yata Dubravka,

Ina gaishe ku da kyau. Sau uku na karanta wasiƙarki, ko na yi kuskuren harafi ne. Ban yi ba.

Ke ma'aikaciyar jinya ce, amma ni na ga kawunki Zivojin. Taga biyu aka buɗe a bas, ya sauka da karkataccen baki, har ya bar duniya ta gefe yake shan miya. Shi ne kike so in gayyato promaja gidana da hannuna?

Sauran duk na yi. Auduga ta fita, tukunya ta sauka, bango ya sha khal har gidan yana wari kamar garwar kabeji mai tsami. Na jera kofunan gishiri a bakin taga yadda kakarki ke yi. Agogon ya sauko daga saba'in da takwas zuwa saba'in da biyu, ya tsaya cak. Na jijjiga shi, na yi masa magana, ya ƙi. Kosara ta ce in kai shi rumfa ya kwana, in rubuta miki lambar da ya nuna. Na ce ƙirjin jikata za a yi wa ƙarya?

Saura kwana goma sha shida. Abinci ba ya shiga min.

Mamanki

Sukovo, 11 ga Disamba

Dubravka, 'yata!

Gaisuwa, gaisuwa, ki bari in faɗa miki! Hamsin da biyar!

Ranar Litinin ina gyara gadon Lenka na ga tabon ya fara dawowa, ƙanana kamar kashin ƙuda. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Can sai na tuna, promaja a cikin gida take kama mutum. Iskar waje iskar Allah ce, shekara nawa na yi a gona ba ta taɓa ni ba. Na saka ƙaton kwat ɗin marigayi babanki, na ɗaura kallabi biyu, na buɗe tagar baya, na buɗe ta gaba, na fita da gudu. Rabon da in yi gudu tun ranar da akuyarmu ta shiga coci.

Ina tsaye cikin dusar ƙanƙara ina ƙirge, sai ga kan Kosara ta saman shinge.

"Stamena, gobara ce?"

"Gidan ne ke numfashi."

"Ke kuma fa?"

"Ina jiran ya gama."

"Ikon Allah! An kori tsohuwa daga gidanta da agogo. In bakinki ya karkace ni zan ci rabonki na kifin slava."

Da na koma, gilashin ya bushe ƙarau, ina hango bishiyar nan ta bayan gida da kowane reshenta. Ɗakin kuma nan da nan ya sake ɗumewa. Kwana huɗu ke nan ina yi safe da yamma, bango fari, tawul a bushe, bakina yana nan inda yake. Na duba a madubi. Jiya na hango Kosara a tsakar gidanta da bargo a ka, tagoginta a wangale. Ta ce kaza take nema.

Na sayi kifi, na jiƙa alkamar biki. Sharaɗina ɗaya: duk lokacin da za a buɗe tagogin, Lenka ba za ta zauna a ciki ba. Da ni za ta fita.

Ku zo. Allah ya kawo ku lafiya.
Mamanki, Stamena

Novi Sad, 14 ga Disamba

Mama,

Gaisuwa daga mu duka. Predrag ya karanta wasiƙarki ya yi dariya har da hawaye. Mun karɓi sharaɗin. Muna tafe ranar sha takwas, jajiberin slava, bas ɗin rana. Ki bar wa Lenka wuri a cikin kwat ɗin Baba.

'Yarki, Dubravka