Baƙon Baba Ya Cinye Golgi

Daren Laraba, Ayigya Zango

Yau na ga ta kaina. Gobe zan tsaya gaban aji in yi bayanin Golgi, ɓangaren nan na ƙwayar halitta mai kama da jakunkuna a shimfiɗe, kuma lakcara ya ce kowa ya zo da samfuri. Na roƙi Mma ta soya mini masa masu faɗi, na jera ɗaya kan ɗaya. Ta ƙasa na ɗan shafa mata mai, ina hawa ina ƙara man shanu, don kuwa haka fatar Golgi take: siririya a mashiga, mai kauri da kitsen kolestarol a mafita. Kaurin nan na cikin abin da ke nuna wa kowane furotin mazauninsa.

Sai na rufe da faifai na ajiye bakin zaure ta huce. A gidanmu kuwa, duk kwanon da aka rufe a wurin, na baƙin Baba ne.

Ina idar da la'asar na tarar da Alhaji Sambo mai shanu yana lasar yatsa.

Ya ce, "Safiya, Allah ya yi albarka. Amma ta ƙasan ba mai, sai ta saman."

Na ce, "Baba Alhaji, aikin makaranta ne fa!"

Ya ce, "To, malaminku ya iya koyarwa."

Mma sai dariya take, wai ƙullun ma ya ƙare. Tun yaushe nake yi wa 'yan ajinmu bayanin nan ba su gane ba. Mutum ɗaya ya gane, shi ma ya tafi da shi a ciki.