Ginshiƙin Iskandariyya da Kunnen Baba

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Gaisuwa daga Alƙahira. Yaya maigidanki da yara? Yaya jikin Inna? Yaya ƙarin haƙurinmu?

Tun rasuwar Baba ba na fita sai aji. Ranar Juma'a abokan zamana suka matsa sai na bi su Iskandariyya na sha iska. Suka kai ni kufan wani wurin bautar Girkawa. Duk ya rushe, sai ginshiƙi guda na jan dutse, tsayinsa sai hularka ta faɗi.

Mutane na ta ɗaukar hoto. Ni kuwa ban san lokacin da na ƙwanƙwasa gindinsa na kara kunne ba, yadda Baba yake wa kowane bango, ko a gidan biki ne, don ya ji ko ɗan'uwansa magini ya yi ha'inci. Yaya, aikin nan babu algus. Na ciro waya in gaya masa, har na nemo lambarsa.

Nan na zube ƙasa. Mai gadi ya zo tashi na, ya dubi fuskata, ya ce "ma'alish," wato "yi haƙuri" da Larabcinsu, ya koma.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna. Don Allah kada a ba kowa layin Baba tukuna.

Ƙaninki,
Sadisu